DARASI: KIRISTA DA HIKIMAR MUTANEN INDIYA

Darasinmu na wannan fitowa ya samo asali ne daga tambayoyi uku da aka kawo mana. Wani ɗalibi a Samaru ya ci karo da littattafan falsafar Indiya a Laburaren Kashim Ibrahim, ya karanta, ya ji daɗinsu, sa'an nan tsoro ya kama shi ko ya yi zunubi. Wata uwa a Sabon Gari mai fama da ciwon baya an ba ta shawara ta riƙa yin yoga, tana so ta sani ko ya halatta. Ta uku ita ce mafi nauyi. Wata yarinya da aka sa wa ranar aure ta shigar da ranar haihuwarta da ta saurayinta cikin wata manhaja a wayarta, manhajar ta ce taurarinsu ba su haɗu ba, ga shi yanzu ko abinci ba ta iya ci.

Da yake dukan abubuwan nan daga Indiya suka fito, mutane sukan ɗaure su dami guda. Waɗansu su ce a jefa damin duka a wuta, waɗansu kuma su haɗiye shi da ƙaiƙayinsa. Dukansu biyu sun guje wa aikin tunani. Mu kam za mu kwance damin, mu duba abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya.

Indiya ba baƙuwa ba ce a Zariya

Bishiyar dogonyaro da muke fakewa a inuwarta a bakin titin Samaru asalinta daga yankin Indiya ne, haka ma mangwaro. Lambobin da yaranmu ke koya a firamare, har da sifiri, masanan Indiya ne suka tsara su, Larabawa suka ɗauko suka yaɗa. Wani masani mai suna Brahmagupta ya rubuta ƙa'idojin lissafi da sifiri tun a shekara ta 628. Littafin Magana Jari Ce, wanda Abubakar Imam ya rubuta a nan Zariya aka fara buga shi a 1937, masu nazari sun nuna cewa dabarar akun da ke ba da labari don ya hana mutum fita daga gida ta taso ne daga wani tsohon littafin tatsuniyoyin Indiya. Manya daga cikinmu suna tune da malaman Indiya da suka koyar da lissafi da kimiyya a makarantun sakandare da Jami'ar Ahmadu Bello a shekarun 1970 da farkon 1980, da kuma finafinan Indiya da suka cika gidajen silima. A yau finafinan sun shigo har ɗakunanmu, an juya su da Hausa, kuma a cikinsu ne yaranmu ke ganin ana duba wa amarya da ango taurari kafin a ɗaura aure.

Kada mu manta kuma muna da 'yan'uwa a can. Kiristocin Kerala suna riƙe da cewa Manzo Toma ne ya kai musu bishara, kuma a ƙidayar 2011 Kiristocin Indiya sun kai kusan miliyan 28.

Abin da Ikkilisiya ta faɗa

A ranar 28 ga Oktoba 1965, Majalisar Batikan ta Biyu ta fitar da wata gajeriyar takarda mai suna Nostra Aetate. A sashe na biyu ta ambaci addinin Hindu da na Buddha da sunansu, ta bayyana cewa Ikkilisiya ba ta ƙin duk abin da yake gaskiya da tsarki a cikinsu, amma wajibi ne ta ci gaba da shelar Almasihu, wanda a cikinsa ake samun cikar rai. A 1998 Paparoma Yohanna Bulus na Biyu, cikin wasiƙarsa Fides et Ratio, ya keɓe Indiya da suna, ya ɗora wa Kiristoci aikin zaƙulo daga gādon tunaninta abin da ya dace da bangaskiyarmu.

Wannan ba sabon abu ba ne. Manzo Bulus ya san mawaƙan Girka, har ya kafa hujja da su a Atina (Ayyukan Manzanni 17). Waliyyi Toma Akwinas ya gina tauhidinsa yana karanta Aristotal, wanda bai san Almasihu ba, da sharhin malaman Musulmi irin su Ibn Sina da Ibn Rushd. Wani Fada ɗan ƙungiyar Jesuit, Roberto de Nobili, ya isa garin Madurai a 1606, ya koyi harsunan Tamil da Sanskrit, ya karanta littattafan mutanen kafin ya buɗe baki ya yi musu wa'azi. Saboda haka ɗalibinmu na Samaru ya kwantar da hankalinsa. Karatu ba sujada ba ne. Abin da muke roƙonsa kawai shi ne kada iliminsa na Katikizim ya tsaya a inda ya bar shi ranar karɓar Jibi na farko, alhali iliminsa na littattafan wasu yana hawa aji. Mai ƙafa ɗaya doguwa ɗaya gajeriya dole ya yi ɗingishi.

Hanyoyi uku, tambaya guda

Addinin Hindu ba shi da mutum ɗaya da ya kafa shi, ba shi kuma da shugaba ɗaya. Tsofaffin littattafansa su ne Veda guda huɗu, mafi tsufansu ya haura shekara 3000. Bayansu aka sami littattafan Upanishad, inda ake tambayar mene ne ran mutum, wanda suke kira atman, kuma mece ce dangantakarsa da Tushen kowane abu, wanda suke kira Brahman. Malamansu ba su yi baki ɗaya ba. Shankara, wajen ƙarni na 8, ya koyar da cewa rai da Brahman abu ɗaya ne, bambancin da muke gani ruɗin jahilci ne. Ramanuja, a ƙarni na 11 zuwa na 12, ya ƙi wannan, ya ce rai yana nan da kansa, kuma hanyarsa ita ce ƙaunar Ubangiji da dogara ga jinƙansa. Madhva a ƙarni na 13 ya ƙara nisa, ya ce Allah daban, rai daban, har abada. Wanda ya ce maka mutanen Hindu gumaka kawai suka sani bai karanta ba.

Mahavira, babban malamin addinin Jain, ya rayu a arewa maso gabashin Indiya wajen ƙarni na 6 zuwa na 5 kafin haihuwar Almasihu. Mabiyansa ba su da yawa, ba su kai miliyan 5 a Indiya ba, amma tsananin riƙonsu abin mamaki ne. Babbar dokarsu ita ce ahimsa, watau kada a cuci kowane mai rai. Sufayensu sukan share ƙasa kafin su zauna don kada su danne ƙwaro, waɗansunsu sukan rufe baki da ƙyalle. Masu riƙo sosai ba su cin nama, ba su cin albasa ko tafarnuwa ko dankali, gama tono su yana kashe tsiron da ƙananan halittun da ke jikinsa, kuma ba su cin abinci bayan faɗuwar rana. Ba su yarda akwai Mahalicci ba. Za mu iya ƙin wannan, amma mu da muka ga abin da zubar da jini ya yi wa garuruwan ƙasar Kaduna, bai kamata mu yi wa mutanen da ke tsoron taka tururuwa dariya ba. Wannan koyarwa ta shafi Mahatma Gandhi ƙwarai, daga wurinsa kuma Fasto Martin Luther King ya koyi gwagwarmaya ba da makami ba, har ya ziyarci Indiya a 1959.

Buddha kuwa, sunansa na yanka Siddhartha Gautama, ɗan sarauta ne da aka haifa a Lumbini, cikin ƙasar Nepal ta yau, a zamani ɗaya da Mahavira. Ya bar fada domin ya ga tsufa da ciwo da mutuwa. Ya koyar da gaskiya huɗu: akwai wahala, tushenta kwaɗayi ne, ana iya kashe ta, kuma akwai hanya mai rassa takwas da ke kai mutum ga haka. Ya saɓa wa malaman Hindu da na Jain a kan babban abu, domin ya ce babu wani dawwamammen rai a cikin mutum.

To, me ya haɗa su? Tambaya guda ce. Dukansu suna ɗauka cewa mutum yana mutuwa a sake haihuwarsa, ya mutu a sake haihuwarsa, kuma ayyukansa, watau karma, su ne ke yanke irin haihuwar da zai samu. A nan sai mu lura sosai. A cikin al'adunmu ma akwai zancen dawowa: Hausawa suna da ɗan wabi, Yarbawa suna da abiku, suna kuma raɗa wa yaro Babatunde ko Yetunde, Ibo suna da ogbanje. A wurinmu, in ban da yaron da ke zuwa yana komawa, dawowar kaka abin murna ce. A wurin malaman Indiya kuwa dawowa ita ce kurkukun, dukan falsafarsu neman ƙofar fita ce. Matashin da ke murna wai zai sake dawowa duniya ya gyara kuskurensa bai fahimci Buddha ba, balle Bishara.

Karma da alheri

Kalmar karma ta shiga bakin matasanmu. In azzalumi ya faɗi sai ka ji an ce karma ce ta kama shi. Akwai gaskiya a ciki wadda kakanninmu suka sani, da suka ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Bulus ma ya gargaɗi Galatiyawa a kan shuka da girbi (Galatiyawa 6). Amma koyarwar karma ta wuce nan. Tana cewa halin da aka haifi mutum a ciki, ko makanta, ko talauci, ko gidan da ya fito, sakamakon abin da ya aikata ne a wata rayuwa da ba ya tunawa. An daɗe ana amfani da wannan a Indiya don a ce ƙasƙancin waɗanda ake ƙyamar taɓawa haƙƙinsu ne. Mutanen Hindu da yawa sun yaƙi wannan, tsarin mulkin Indiya na 1950 ya haramta shi, kuma jagoransu Dokta Ambedkar ya bar addinin Hindu ya koma na Buddha a Nagpur a ranar 14 ga Oktoba 1956, tare da dubban ɗaruruwan mutane. Ba mu faɗi wannan don gori ba. Kiristoci ma sun taɓa kafa hujjar bauta da Littafi Mai Tsarki, kuma har yau akwai gidajen Kirista da ke hana aure saboda asali.

Ubangijinmu ya fuskanci irin wannan tunani ido da ido. Da almajiransa suka ga mutumin da aka haifa makaho, suka tambaya ko zunubinsa ne ko na iyayensa, ya ƙi duka biyun, ya warkar da shi (Yohanna 9). Da aka yi zancen mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta danne, ya ce ba su fi sauran mutanen Urushalima laifi ba (Luka 13). Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa, sura 9, da Katikizim, lamba 1013, sun koya mana cewa sau ɗaya mutum ke mutuwa, babu sake haihuwa bayan mutuwa. Ɓarawon da aka gicciye tare da Yesu, in da ma'aunin karma za a bi, bashin da ke kansa sai ya yi rayuwa da yawa yana biya. Amma a yinin nan aka yi masa alkawarin Firdausi. Karma ma'auni ce, ba ta da kunnen jin roƙo. Mu kuwa muna da Uba, kuma abin da ke faruwa a wurin furta zunubi kowace Asabar shi ne yafe bashi. Don haka kada bakin Kirista ya gaya wa maras lafiya, ko matar da ba ta haihu ba, cewa karmarta ce.

Zancen yoga

Kalmar yoga ta fito daga tushen da ke nufin ɗaurawa, kamar yadda manomi ke ɗaura wa shanun huɗa karkiya. Tsohon littafinta, na wani malami Patanjali, ya ƙunshi gajerun jimloli wajen 195, ya kasa hanyar kashi takwas. Na farko da na biyu halin kirki ne: gaskiya, barin sata, barin cuta, kamun kai. Zaman jiki shi ne na uku, kuma jimloli kaɗan aka ba shi. Manufar duka ita ce tsayar da kai-kawon zuciya har rai ya kuɓuta. Yawancin miƙe-miƙen da ake gani a talabijin an tsara su ne a ƙarni na 20, musamman a garin Mysore a shekarun 1930, da tasirin wasannin motsa jiki na Turai. A Disamba 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa 21 ga Yuni ta zama ranar yoga ta duniya.

Ikkilisiya ba ta kafa dokar da ta haramta miƙa jiki ko daidaita numfashi ba. A ranar 15 ga Oktoba 1989 ofishin kula da koyarwar bangaskiya, a ƙarƙashin Kadinal Ratzinger wanda daga baya ya zama Paparoma Benedict na 16, ya aika wa bishof-bishof wasiƙa a kan bimbini na Kirista. Wasiƙar ta yarda cewa jiki yana da rabo cikin addu'a, kuma ana iya amfana da abin kirki daga hanyoyin Gabas. Amma ta ja kunne a kan abu biyu. Kada mutum ya ɗauki natsuwa da ɗumin da motsa jiki ke kawowa a matsayin ziyarar Ruhu Mai Tsarki. Kada kuma ya zaci akwai dabarar da za ta tilasta wa Allah ya bayyana, gama saduwa da shi kyauta ce, kuma ko a ƙololuwar addu'a mutum yana nan halitta, Allah yana nan Mahalicci.

Ga uwarmu ta Sabon Gari, shawararmu ita ce ta fara ganin likita, domin ba kowane ciwon baya ke son lanƙwasa ba. In ya yarda, ta miƙa jikinta da zuciya ɗaya. Amma in mai koyarwa ya ce ta maimaita kalmomin da ba ta san ma'anarsu ba, ta tambaya, gama da yawansu kirarin alloli ne. In ya ce ta rusuna wa hoton wani malami, ko ya ba ta wata kalma ta asiri da ba za ta faɗa wa kowa ba, ko ya ce ita kanta Allah ce ba ta gane ba tukuna, to, an bar maganin baya an shiga wani addini. Sai ta naɗe tabarmarta.

Duban taurari

A nan ne amsar Ikkilisiya ba ta da kwana. Amma mu fara da bambancewa. Sanin taurari don lissafin lokaci ilimi ne mai kyau. Manoman ƙasar Zazzau sun san taurarin damina irin su Nasara da Ɗarfa da Jabha, kowane da kwanakinsa, sun san Kaza da 'Ya'yanta, waɗanda Indiyawa ke kira Krittika. Larabawa sun kasa hanyar wata masauki 28, Indiyawa suka kasa ta 27. Ko ranar Ista da wata muke lissafa ta. Babu laifi a wannan.

Abin da ake kira jyotish ya ɗora wani abu a kan wannan. Mai duba yakan ɗauki rana da sa'a da wurin haihuwa, ya zana inda abubuwa tara suke a sama: rana, wata, duniyoyi biyar da ake gani da ido, da Rahu da Ketu, waɗanda ba taurari ba ne, wurare biyu ne inda hanyar wata ke ratsa hanyar rana, inda husufi ke faruwa. Daga nan sai ya faɗi arziki da ciwo da aure. Wajen haɗa aure akwai maki 36, in ba a sami 18 ba sai a ce auren ba zai yi albarka ba. Wannan lissafi ne manhajar ta yi wa 'yarmu.

Sai ta yi la'akari da waɗannan. Lissafin Indiya da na Turawa sun saɓa da kusan digiri 24, alhali kowane buruji digiri 30 ne, saboda haka wajen mutum huɗu cikin biyar burujin ranarsu daban yake a tsarin biyu. Wanne sama ne ke riƙe da aurenta? A 2008, a garin Pune, masanin sararin samaniya Jayant Narlikar da abokansa suka ba masu duba taswirar haihuwar yara, rabi masu hazaƙa a makaranta, rabi masu naƙasar ƙwaƙwalwa, suka ce su rarrabe. Abin da suka ci bai fi na mai canki-canka ba. Buddha da kansa ya lissafa duban taurari cikin ƙasƙantattun sana'o'in da bai kamata sufayensa su ci abinci da su ba.

Ɗan'uwanmu ɗan Afirka, Waliyyi Agustin, wanda aka haifa a 354 a ƙasar da ake kira Aljeriya yau, ya yi shekaru yana bin masu duba kafin ya tuba. Ya ba da labarin abin da ya warkar da shi. Wani abokinsa mai suna Firminus ya gaya masa cewa an haife shi a lokaci ɗaya da ɗan wata baiwa, har iyayen gidan biyu, da yake masu son duba ne, suka tabbatar da sa'ar. Taurari ɗaya, amma ɗaya ya zama babban mutum, ɗayan yana nan cikin bauta. Agustin ya ƙara da misalin Yakubu da Isuwa. Mu ma kowace unguwa tana da Hasan da Husaini, ciki ɗaya, dare ɗaya, amma kowa da halinsa da rabonsa.

Wani zai ce ai tauraro ne ya jagoranci masanan Gabas zuwa wurin Yesu. Ya sake karanta Matiyu sura 2. Da suka isa Urushalima sai da suka yi tambaya, aka buɗe littafin Annabi Mika kafin aka san Baitalami ce. Kuma tauraron ne ya yi wa Jaririn hidima, bai mallake shi ba. Kubawar Shari'a 18 da Ishaya 47 sun hana duba, Katikizim kuma a lamba 2116 ya ambaci duban taurari da karatun tafin hannu da sunansu, a ƙarƙashin Doka ta Farko. Dalilin shi ne mai zuwa wurin duba yana neman ya riƙe gobe a hannunsa, ya ba halitta tsoron da Allah kaɗai ya cancanta. Hukuncin nan ɗaya ne ko a waya aka yi duban, ko a faifan yashi, ko a bakin mai kiran kansa annabi yana karɓar kuɗi ya faɗa wa budurwa wanda za ta aura.

Akwai gwajin da ya kamata 'yarmu ta damu da shi kafin ranar aure, kuma Ikkilisiyoyinmu sukan nemi takardarsa. In ita da saurayinta dukansu jininsu AS ne, kowane ciki da za ta ɗauka yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da sikila. Likitoci da dama suna ganin cewa yara masu yawa da kakanninmu suka kira 'yan wabi ko abiku, wannan ciwo ne ya riƙa ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Ana yin gwajin a asibitin koyarwa da ke Shika da sauran asibitocin gari. Ta goge manhajar, ta ci abinci, su je tare su ba da jini, sa'an nan su kawo sakamakon wurin Fada a ajin shirin aure.